Guntun Filafilin Baba

Ranar da na tarar da matar Usman tana yanka albasa a kan guntun katakon nan da ke rataye bayan ƙofar ɗakina, ban yi mata faɗa ba, don ba ta san ko mene ne ba. Laifina ne da ban taɓa gaya wa kowa ba. Na karɓa na wanke, na mayar da shi wurinsa, sannan na ce gara in rubuta muku labarinsa tun ina da sauran ido. Na san abin da goggonku Hajara, Allah ya jiƙanta, ta riƙa gaya muku, wai ni na kai kakanku teku na gurgunta shi. Ba ƙarya ta yi ba gaba ɗaya, amma ba ta cikin jirgin. Mu biyu ne a ciki, ɗayan kuma ya riga mu gidan gaskiya, saboda haka ku ji daga bakina.

Mu asalinmu mutanen ruwa ne. Baba masunci ne a ƙasar Yawuri, a kan kogin Kwara, kuma tun ina ƙarami ya koya mini tuƙin kwale-kwale. Da ya yi niyyar hajji ya sayar da komai, ya bar abu ɗaya, filafilinsa na maɗaci da yake tuƙi da shi. Da shi ya riƙa dogarawa muka ratsa Chadi, muka zauna Sudan muna tsinkar auduga, inda Inna ta rasu, har muka ƙetaro Bahar Maliya. Da muka sami ɗaki a unguwar Tandabawi a Makka ya rataye shi a bango. Maƙwabta suka yi ta yi masa tsiya, wai ga mai filafili a garin da ko tafki babu. Shi dai ya bar abinsa a rataye. Wani abin kuma da ya shigo da shi gidan, ranar da ya fara ɗora ido a kan Ka'aba ya yi kuka, ya ɗauki alkawari cewa shi da duk wanda ke ƙarƙashinsa ba mai miƙa wa wannan ɗaki ƙafa. Ɗakinmu ƙarami ne, amma haka muke jeruwa, kawuna wajen Harami, ƙafafu wajen bangon baya. In yaro ya juye cikin barcin rana, Baba zai tashi da gwiwoyinsa da tafiyar ƙasa ta riga ta cinye, ya juyo shi a hankali. Mun girma a haka har ba mu san doka ba ce, mun ɗauka kowa haka yake kwana.

Sana'ata a lokacin ga-ruwa ce, abin da mutanen nan ke kira saƙƙa. Garwa biyu a sanda, in hau da su benayen mutane tun safe har la'asar. To wajen tsakiyar shekarun alif ɗari tara da sittin, famfo da motocin ruwa suka fara cinye mana gidaje ɗaya bayan ɗaya. Ga mahaifiyarku Rabi da goyon Usman, ga Baba, ga Hajara da mijinta ya rasu ta dawo da 'ya'ya biyu, duk ni suke kallo. Wani maigida da nake kai wa ruwa ya ji ni ɗan masunci ne, ya haɗa ni da surukinsa, wani tsoho Amm Salim, da ke kamun kifi a bakin teku kudu da Jidda. Yana da ƙananan jirage biyu, kafaɗarsa kuma ta fara ba shi wahala. Muka shirya zan riƙa bin mota in je ran Asabar in dawo ran Alhamis, abin da na kamo a raba, rabona in sa masa gishiri in kawo Makka.

Jirgin da suke kira huri gungumen itace ne guda da aka fafe, siriri, faɗinsa da kaɗan ya fi ƙuguna. A Kwara mu a tsaye muke tuƙi da gora, ko mu ɗosana a bayan kwale-kwale da filafili, don namu yana da faɗi, ruwan kuma kwance yake. Na shiga huri na tsaya kamar yadda na saba, don in nuna wa Balarabe ni ma ɗan gado ne. Ban gama ɗaga filafili ba na ji ni cikin ruwa, gishiri har hanci. Amm Salim ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya nuna mini. Can ƙasa ake zama a cikin jirgin, a miƙe ƙafa biyu gaba, a haɗa jiki da itacen, in igiyar ruwa ta ɗaga shi ka bi ta da ƙugu. Cikin kwana uku na kama zaman. Kwankwasona ya riƙa ciwo, ƙafafuna suna zamewa gaba duk lokacin da na ja filafili, amma Amm Salim ya ce kowa haka yake ji, sabo ne maganinsa. Mako biyu na kawo kifi gida, Rabi ta yi miya, yaran Hajara suka ƙoshi, na ce to Allah ya buɗa.

A mako na uku ne bakina ya jawo mini. Muna zaune bayan sallar Juma'a Baba ya tambaye ni yadda jirgin mutanen yake, irin tambayar mai sana'a. Ni kuma don daɗi na zauna a tabarma, na miƙe ƙafa wajen ƙofa, na ɗauki muciyar Rabi ina nuna masa yadda ake ja dama da hagu. Ya yi ta kallona. Ya tambaye ni in za mu fita ina hancin jirgi ke duba, na ce yamma, wajen Sudan. Ya gyaɗa kai.

"In kun ɗauko komowa hwa?"

Muciyar tana hannuna na tsaya. Wallahi sai a lokacin na tuna cewa inda muke ja da jirgi tudu, nan Amm Salim ke tsayawa ya yi salla, bayansa ga teku, fuskarsa ga duwatsu. Ashe kullum in na juyo, tafin ƙafata biyu alƙibla suke kallo tun daga tsakiyar ruwa har gaɓa.

"Garba, ban la'ance ka ba," in ji Baba. "Amma kihin da anka kawo da ƙahwa gaba, ni ban cin shi."

Ya ture kwanon miya, ya ci tuwonsa da ruwa da gishiri. Tsoho ne da ba shi da wani nama a jiki, kifin nan shi ne abu mai maiƙo da ya fara shiga gidan a watanni. Na koma teku ran Asabar kaina a ɗaure. In na bar huri gida ya kwana da yunwa, in na zauna yadda huri ke so na karya alkawarin ubana. Sai na ce bari in yi dabara, ai ni ma ba yaro ba ne.

Na fara da zaman tahiyya. In zan juyo sai in naɗe ƙafafu ƙarƙashina kamar mai salla. Jiki ya yi sama, jirgi ya riƙa rawa, ina tuƙi ina addu'a. Kafin in kai rabin hanya ƙafafun sun yi minjirya, daga nan suka sage ban ma jin su. Na iso gaɓa na yunƙura zan fita, ƙafa ta ƙi amsawa, na faɗi da gefe na kifar da jirgin, kifin safiyar nan duka ya koma inda ya fito. Washegari na harɗe ƙafa, gwiwoyi suka ƙi shiga, suka tsaya a kan bakin jirgi suna gogewa har suka yi jini. Na gwada komowa da baya da baya, ina kallon teku, sai ga shi ban ganin 'yar ƙofar da ake bi tsakanin duwatsun murjani, na goga cikin jirgin a kansu. Na gwada tafiyar karkace, in nufi arewa maso gabas, in karya in nufi kudu maso gabas, don kada ƙafa ta saitu. Hanyar ta ninka, rana ta dafa kifin, kuma a kowace karyawa dole hancin jirgi ya ratsa ta gabas ɗin dai. In na zo nan sai in yi sauri in ɗage ƙafafu sama ina istigfari. Masuntan da ke gaɓa suka riƙa taruwa suna kallon Takruni, wato baƙon Afirka irina, da aljanun ruwa suka taɓa.

Amm Salim ya kira ni gefe ya tambayi abin da ke damuna. Da na faɗa masa, sai ya ce shekara hamsin yana komowa haka, ubansa ma haka, kuma duk sun yi hajji ba adadi.

"Ya waladi, mudd rijlak. Yaro, ka miƙe ƙafa kamar ɗan Adam, ko ka ajiye mini jirgina. Mako ɗaya na ba ka, shi ke nan."

Na dawo Makka na bi malamai. Na farko, wani dattijo Basakkwace a unguwarmu, ya ce rashin ladabi ne ko kana ƙarshen duniya, wanda ya san girman ɗaki ba ya neman sauƙi. Na biyu, wanda ke karantarwa a cikin Harami, ya ce ba haramun ba ne, balle ga nisa ga duwatsu a tsakani ga lalura, in je in nemi abincina. Na uku a unguwar Utaibiyya ya tambaye ni ko akwai wani abu da ya tare tsakanin tafin ƙafata da alƙibla. Na ce hancin jirgi. Ya ce a'a, shi hancin jirgi ai tare da ƙafar yake tafiya, amma kuma wani zai iya cewa tsari ne, ya kamata a duba littafi, in dawo bayan Safar, kuma in zan dawo in taho da kifi. Na fito na fi da ruɗewa. Kowannensu in yana magana sai in ji shi ke da gaskiya, in na isa wurin na gaba sai ta koma can. A gida ma haka. Rabi ta ce in miƙe ƙafata in ce wa Baba na daina, wa zai gani a tsakiyar ruwa. Hajara ta ce in koma garwa, yunwa ba ta kai fushin uba ba, alhali 'ya'yanta ne suka fi kowa suɗe kwano. Na kwashe maganar malaman nan uku na zube wa Baba, ina fata ya zaɓi ta biyu. Bai zaɓi ko ɗaya ba. Ya ɗaga kai ya dubi bango, ya ce in sauko masa da filafilinsa, ran Asabar tare za mu tafi.

Hajara ta yi kuka ta ce tsohon da Harami ma sai ya huta sau biyu yake isa, ina shi ina teku. Ni ma na hana, Allah ne shaida. Ya ce shi ba ya yanke hukunci a kan jirgin da bai taɓa shiga ba. Na ɗora shi a gaban mota kusa da direba, filafili a tsakanin ƙafafunsa.

Da muka isa ya zagaya hurin sau biyu, ya ƙwanƙwasa cikinsa, ya shafa bakinsa, ya ce wanda ya fafe shi ya san aiki. Amm Salim ya so ya hana, amma da ya ga yadda tsohon ya taka tsakiyar jirgin ya zauna ba tare da jirgin ya motsa ba, sai ya tura mu. Baba ya yi zaman tahiyya a gaba, ni ina baya ƙafa a miƙe, tunda yamma muka nufa. Ya sa hannu ya ɗebi ruwa ya ɗanɗana ya tofar. Ya riƙa waiwayowa yana kallona, ba fuskata ba, ƙafafuna da ƙuguna. Na lura yana kallon yadda dunduniyata ke zamewa a jiƙaƙƙen itace duk jan da na yi. Muka jefa fatsa, Allah ya ba mu, har shi ma ya jawo guda biyu yana murmushin da rabona da gani tun muna Yawuri. Wajen hantsi iskar arewa ta taso da wuri, ruwa ya fara tudu da kwari, na san dole mu koma yanzu, kuma ba ranar karkace ba ce.

Na juya jirgi, na fara janye ƙafafuna zan naɗe. Sai na ga Baba ya kama bakin jirgi da hannu biyu, ya juyo a hankali a kan gwiwoyinsa har ya fuskance ni, ya ba Makka baya. Ya matso. Ya kama idon sawuna biyu ya jawo su, ya ɗora tafin ƙafata a kan gwiwoyinsa.

"Tokara nan."

"Baba, in miƙa maka ƙahwa? Kai?"

"Ni at tsakani yanzu. Tanƙwasa gwiwa kaɗan, ka buɗa su su taɓa itace. Tokara, ka ja."

Ban san abin da zan yi ba. Tun ina yaro abu biyu aka hana ni, miƙa wa alƙibla ƙafa da miƙa wa babba ƙafa, ga shi ina yin su duka a lokaci ɗaya, kuma wanda ya hana shi ke ba da umarni, shi kansa ya juya wa ɗakin baya. Igiya ta mare mu a gefe, ruwa ya shigo, sai na tokara na ja. Abin da na ji a jan farko ban taɓa jin sa ba. Ƙarfin ya taso daga dunduniya ya bi cinya ya hau baya ya fita ta filafili, jirgin ya yi gaba kamar an tura shi. Gwiwoyina da suka kama gefe biyu suka riƙe shi, ya daina rawa. Kwankwason da ya yi wata yana ciwo ya yi shiru. Na ji daɗi, kuma wannan daɗin shi ne abin da na fi jin kunyarsa har yau, don kowane ja da na yi, nauyina duka a kan gwiwar tsoho yake sauka. Fiye da sa'a guda muna fama da iskar nan. Sau biyu na sassauta, sau biyu ya ƙara damƙe idon sawuna ya ce in ja. Fuskarsa na jiƙe, na ɗauka feshin ruwa ne.

Da muka taɓa yashi na yi tsalle na fita garau, karo na farko da ƙafafuna suka ɗauke ni ba gardama. Na miƙa masa hannu, ya kama, ya kasa tashi. Ni da Amm Salim muka ciro shi a naɗe kamar yadda ya zauna. Kafin la'asar gwiwoyin sun kumbura sun yi kamar ƙwarya. An yi gashi, an yi ɗauri, daga baya an kai shi asibiti, kumburi ya saɓe amma ƙarfi bai dawo ba. Daga ranar Baba bai sake zuwa Harami da ƙafarsa ba. Abin da Hajara ta gani ke nan, an fita da uba yana tafiya, an dawo da shi a goye. Ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinta ba.

Kwana uku da dawowarmu, yana kwance, ya aiki Rabi ta aro zarto wurin kafinta. Ya sa na zauna a ƙasa na jingina da bango, na tanƙwasa gwiwa yadda ya nuna mini a ruwa. Ya auna daga ƙuguna zuwa dunduniya da igiya ya ƙulla, ya tambayi faɗin jirgin a daidai wurin, na nuna masa da taƙi. Sannan ya ce a ba shi filafilin. Da na gane abin da zai yi na riƙe hannunsa, na ce akwai katako a gari, ko akwatin shayi ma zai yi. Ya ce akwatin shayi ba ya jure ruwan gishiri. Da hannunsa ya yanke fallen, itacen da ya ɗauko tun daga Kwara, ya gyara gefensa da wuƙa, ya ce in kafa shi a gicciye inda ƙullin igiyar ya tsaya, in kuma naɗe buhu in sa ƙarƙashin cinyoyina. Na kafa. Amm Salim ya zo ya duba, ya shiga ya gwada, mako biyu bayan nan sai na ga ya kafa wa nasa jirgin guntun katako. Alhamis ɗin da na dawo da kifi, Rabi ta ajiye wa Baba kwano tana ɗari-ɗari. Ya yi bismilla ya ci, ya nemi ƙari.

To a nan ne kaina ya kulle, kuma har yanzu bai buɗe ba. Shin allon nan tsari ne ya yi mini tsakanin ƙafata da Ka'aba, bisa maganar malamin Utaibiyya da shi kansa bai tabbatar ba? Ko kuwa tsohon matuƙi ne ya ga ɗansa na tuƙi ba abin tokarawa, ya san ba zai daɗe ba bayansa zai lalace? In tsari ne, me ya sa ya auna shi da igiya har da tanƙwasa gwiwa? In kuma tuƙi ne kawai, me ya sa ya ci kifin, alhali ƙafar tana nan tana duban gabas kamar da? Wata rana na goyo shi muna ɗawafi, bakinsa kusa da kunnena, na daure na tambaye shi.

"Yaran Hajara sun yi ƙiba," in ji shi. "Kula da gabanka, kar ka taka mutane."

Shekara huɗu ina goyon sa zuwa Harami duk Juma'a kafin Allah ya karɓi abinsa. Ni kuma na yi shekara goma sha ɗaya a huri, da kifin nan aka yi muku sutura, da shi aka aurar da 'ya'yan Hajara. Ku da kuka yi karatu kun sha gaya mini ba haramun ba ne, Abuya ka miƙe ƙafarka ka huta. Na ji, kuma mai yiwuwa ku ke da gaskiya. Amma kun ga har gobe kaina wajen Harami yake in zan kwanta, kuma ba zan iya ce muku tsoron Allah ne ko kunyar Baba ba.

In kun sauko da allon ku duba, za ku ga ramuka biyu marasa zurfi da dunduniyata ta ci. Ba wani abin tsafi ba ne, katako ne, in na mutu ku yi yadda kuka ga dama da shi, amma kada a yanka albasa a kai ina raye. Shekara goma sha ɗaya ina taka shi kullum, kuma ban taɓa tokarawa da ƙarfina duka ba. Duk lokacin da na ɗora ƙafa a kansa, gwiwar Baba nake ji.